Masu fatsa da kayak a ruwan Legas, ku faɗa mana yadda kuka fara

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa fita fatsa da kayak, ƙaramin jirgin ruwan nan da ake tuƙawa da filafili, a nan Legas ku taimaka min da haske. Maigidana ne ya bar min nasa da zai koma Abuja, irin na roba mai taurin nan da ake zama a samansa ba wanda ake zura ƙafa ciki ba, da filafili ɗaya da sandar fatsa biyu. Ni fatsar bakin dam kawai na sani tun muna yara a Tiga, ka sa tana a ƙugiya ka samu dutse ka zauna kana jira, amma in shiga ruwa da jirgi ni kaɗai ban taɓa ba, kuma iyon nawa ma ba wani mai ƙarfi ba ne. Ta ina zan fara, wane waje, ƙarfe nawa, me zan saya? Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa dan Allah, ba wanda ya ji ana faɗa ba.

Bakabe na Ijora:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni gidan su munka tashi, koma da gora da birgi duk na riƙe tun ban kai ko'ina ba, amma da na zo Legas sai da na koma ɗalibi, don ruwan nan ba irin namu ba ne. Gulbi a gida gaba ɗaya shike tafiya, ka san inda ya hito ka san inda za shi. Dam ɗinku na Tiga kuma kwance yake. Lagun kuwa, wato babban tafkin nan na Legas, haɗe yake da teku, sau biyu yake cikowa sau biyu yake janyewa tsakanin dare da rana, wajen awa 6 yana shigowa wajen awa 6 yana fita, kuma lokacin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kullum sai ya ƙara kusan minti 50 a kan na jiya. Wato in yau ruwa ya cika ƙarfe 7 na safe kada ka zo bayan sati kana tsammanin 7 ɗin nan za ka tarar.

Kuma tunda mu masu lissafin wata ne abin ya zo mana da sauƙi. Lokacin tsayuwar wata da kuma wajen 14 zuwa 15 ga wata, a nan ne ruwan ya fi ƙarfin ja. Wajen 7 ko 8 ga wata da 22 ko 23 ya fi lafawa, to irin waɗannan ranakun za ka zaɓa ka fara. Akwai jadawalin cikowar ruwa na Legas a intanet kyauta, ka duba daren da za ka fita.

Abu ɗaya da nake roƙonka ka riƙe: in za ka fita, ka tuƙa kana fuskantar ruwa da iska tun kana da ƙarfinka, don in ka gaji su su maido ka gida. Sabon shiga akasin haka yake yi, ya bi ruwa yana jin daɗi jirgi na gudu ba wahala, sai ya juyo ya tarar iskar teku ta taso da rana daga kudu maso yamma ga ruwa na ja, yana tuƙi yana wuri ɗaya. Na taɓa jawo wani yaro da igiya a haka, hannunsa duk ya yi kanta yana kuka. Ka yi sallar asuba ka fita, kafin azahar ka dawo.

Direban jirgin Ikorodu:
Malam ni ban taɓa fatsa da kayak ba gsky, amma kullum ina kan ruwan nan da fasinja daga Ikorodu zuwa cikin gari, to bari in faɗa maka yadda muke ganinku daga wajenmu. Ba ma ganinku. Wlh da gaske nake. Kayak ƙasa-ƙasa yake da ruwa, in jirgi ya ɗau gudu hancinsa ya ɗaga sama ga hasken rana a kan ruwa ko hazon hunturu na Disamba da Janairu, sai mun zo dab muke lura da mutum. Don haka ka sa riga mai haske, ruwan lemo ko ruwan ɗorawa, ka kafa doguwar sanda a bayanka da ƙyalle mai kala a kai, ka rataya usur a jikin laif jaket, rigar da ke hana nutsewa.

Kar ka tsaya fatsa a kan hanyar jirage ko kusa da jeti, wato tashar jiragen ruwa, wajen CMS da Ebute Ero da Falomo da safe da yamma motsi ya yi yawa. In dole sai ka tsallaka hanya ka tsaya ka duba sannan ka yanke kai tsaye da sauri, kar ka bi ta a tsaye. In igiyar ruwan jirgi ta taho maka kar ka bari ta same ka a gefe, juya hancin kayak ɗin wajenta ka ci gaba da tuƙi a hankali za ka haye ta. Laif jaket kuma dokar LASWA ce, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, mu ma ba ma ɗaukar fasinja sai ya sa, kuma sa wa ake yi a ɗaure ba a ajiye bayan kujera ba. Tafiyar dare ma an hana. Ka ajiye 112 da 767 a wayarka, lambobin gaggawa ne na Legas.

Mai gadi a Ikoyi:
Yaya ni nan inda nake aiki bakin ruwa ne kuma masu gidan suna da kayak, su suka koya min. Ranar farko ko ƙugiya ba su bari na taɓa ba, kai ni suka yi inda ruwa ya kawo min ƙirji suka ce in kifar da jirgin da kaina in hau, in sake kifarwa in sake hawa. A lokacin na ga kamar ɓata lokaci ne amma shi ne abin da ya fi min amfani a duk abin da na koya, don ranar da ya kife da ni da gaske ban ruɗe ba.

Yadda ake hawan, ka fara juyo da shi daidai, ka riƙe gefensa wajen kujera, ka saki ƙafafunka su taso saman ruwa ta bayanka kamar mai iyo, sai ka buga ƙafa ka ja cikinka ya hau kan kujerar a gicciye, ka huta a haka, sannan ka mirgina ka zauna, ƙafafu su ne ƙarshen shigowa. In ka ce za ka hau a tsaye ƙafafunka na ƙasa to jawo shi za ka yi ta yi yana kifewa a kanka. Tunda ka ce iyonka ba ƙarfi ka yi wannan da wani a tsaye kusa da kai.

Sai kaya. Dan Allah banda jallabiya banda kaftani banda jins, in suka sha ruwa nauyi suke kuma suna naɗe ƙafa. Wandon 'yan ƙwallo dogo da riga mara nauyi mai dogon hannu saboda rana, da malafa, da takalmin roba mai rufe ƙafa saboda kwalabe da ƙarafa a bakin ruwa. Ramukan nan da za ka gani a ƙasan kayak ɗin ba fashewa ba ce, ta nan ruwan da ya shigo yake fita, kar ka je ka sa a liƙe maka su.

Ɗan Agege:
Allah ya saka da alheri. Wlh har na tambayi mai faci nawa zai toshe min ramukan nan. To maganar anka fa, ƙarfen nan da ake jefawa ƙasan ruwa ya tsayar da jirgi, in na samu wajen kifi ya zan yi in tsaya?

Malamin makaranta, Idi-Araba:
Malam ka bar anka tukuna sai hannunka ya faɗa. Ita ce ta fi kifar da sababbi. In ka ɗaura ta a gefen kayak ruwa na ja, gefen nan zai nutse ruwa ya hau kansa, kafin ka ce me ka tafi. Waɗanda suka iya ta hanci ko ta baya suke ɗaurawa, kuma da ƙullin da za a iya saki da hannu ɗaya, da galan a ƙarshen igiyar don a dawo a ɗauka. Yawancin lagun ba shi da zurfi sosai, wurare da yawa bai wuce mita 2 ba, don haka ni doguwar gora nake kafawa a laka in ɗaure a jiki. Amma ka kula, inda masu haƙar yashi suka yi aiki akwai ramuka masu zurfi, kana taɓa ƙasa nan taku kaɗan gaba babu.

Kayan fatsa sanda ɗaya ta ishe ka a farko, ta biyun ka bar ta a gida. Wurin zaman ƙarami ne, in zare biyu suka harɗe ga kifi na fizga ga filafili na neman faɗuwa ba ka san wanda za ka kama ba. Filafilin ka ɗaure shi da igiya a jikin jirgin, sandar ma haka, waya a cikin jakar da ruwa ba ya shiga a rataye a wuya ta cikin riga. Filaya ta cire ƙugiya, ƙaramar wuƙa a jikin laif jaket, ruwan sha mai yawa. Shi ke nan.

In kifi ya ci, abin da na lura shi ne kanka shi ke kifar da kai. Duk inda kanka ya leƙa ya wuce gefen jirgi jikinka zai bi. Ka bar kanka a tsakiya, ka nuna bakin sandar wajen hancin kayak, in babba ne ka bar shi ya ja ka har ya gaji, kar ka matse zaren gam. Sai ya zo gefenka ya kwanta sannan ka sa ƙaramar koma ka kwaso. In ƙugiya ta maƙale a ƙasa kar ka tsaya kokawa da ita, yanke zaren, ƙugiya da dalma ba su kai ranka ba. In ka dawo ka wanke keken zaren da ruwan famfo, gishirin nan yana cin ƙarfe da wuri.

Hajiya mai kifi, Epe:
Sannunku da hira. Ni ba na shiga ruwa amma sana'ata kenan a kasuwar kifi ta Epe kuma ƙanena yana fita da irin jirgin nan. Ɗana, kifin da za ka samu ya danganta da lokaci da waje. Da damina ruwan Ogun da sauran koguna suna cika lagun gishirin ya ragu, sai ka fi samun karfasa da tarwaɗa da warushe, wanda Yarabawa ke cewa obokun, kuma shi ne mai tsada a wajenmu. Da rani gishiri ya dawo kifin teku ya shigo, su kuroka da ire-irensu, musamman ɓangaren da ya fi kusa da bakin teku. Nan wajenmu Epe ruwan ya fi zama mara gishiri kuma ya fi kwanciya.

Tana tana yi, amma jatan lande ɗanye ya fi ta a ruwan nan, ka saya wajen matan da ke bakin ruwa da sassafe. Warushe da ƙurungu suna da ƙaya a baya da gefe biyu, in ta soke ka hannu kumbura yake, kuma a kayak tsakanin cinyoyinka kifin zai faɗo, to ka riƙe shi da tsumma ka karya ƙayar da filaya kafin ka sa a kula. Ka tafi da ƙanƙara, ranar Legas ba ta barin kifi ya kai azahar lafiya.

Sannan dan Allah ka girmama masu ruwan. Egun da Ilaje da Ijo a nan suke ci a nan suke sha tun kakanni. In ka ga sanduna a kafe cikin ruwa da rassan itace a tsakiya, ko galan da robobi a jere suna yawo, kayan wani ne, tarkonsa ne ko kallinsa, kar ka shiga kar ka jefa ƙugiya a ciki. Ka gaishe su ko da Yarabancin kasuwa ne, da ɗan gari akan ci gari, ƙanena su suka nuna masa duk inda yake samun kifi yanzu.

Ɗan Obalende:
Ni fa a ganina in kifi na gaske yake so ya tafi Tarkwa Bay wajen duwatsun nan, can ne ake samun barakuda, sai dai ya sa siririyar wayar ƙarfe a gaban ƙugiya don haƙoransa na yanke zare. Na je tare da wasu mun samu alhamdulillah.

Bakabe na Ijora:
A'a ɗan'uwa, kada ka tura shi can. Kifin akwai, ban musa ba, amma nan ne bakin da duk ruwan lagun ke bi ya fita teku, ta nan kuma manyan jiragen Apapa da Tin Can ke shiga da fita. In ruwa na janyewa ya haɗu da igiyar teku a wurin ko masu inji suna shan wuya, balle mai filafili da bai taɓa kifewa ba. Kai ka ce tare da wasu kuka je, shi kuwa shi kaɗai ne. Ya samu lungu mai kwanciya kusa da gaɓa inda in ya faɗa zai iya tsayawa da ƙafarsa, ya yi wata da watanni a nan tukuna.

Direban jirgin Ikorodu:
Gaskiyar Baba ce. In ƙara da kainuwa, daga ƙarshen damina takan rufe ɓangarenmu na Ikorodu har jirgi mai inji ya kasa wucewa, kuma tafiya take da iska, ka fita hanya a buɗe ka dawo ta toshe jetin. In ka gan ta da yawa a ranar ka haƙura. Haka in hadari ya haɗo, kar ka ce bari in ƙara jefawa ɗaya, sandar fatsa a tsaye a tsakiyar ruwa ga walƙiya ba abin wasa ba ne, kwantar da ita ka nufi gaɓa mafi kusa ko ba nan ka shiga ba.

Mai gadi a Ikoyi:
Yaya in kana so ranar Asabar ina hutu, ka zo da kayak ɗin da laif jaket daidai jikinka, sandar fatsa ka bar ta a Agege. Zan nemi izinin masu gida mu yi kifewa da hawa a inda ba zurfi. Ka faɗa wa iyali inda za ka da lokacin da za ka dawo, ko da yaushe za ka fita ka dinga yin haka.

Ɗan Agege:
In sha Allah ina nan tafe, zan samu mai motar da zai ɗauko min shi tun asuba kafin gosulo. Baba Bakabe Asabar ɗin 8 ga wata ce a lissafina, ka duba min in ranar ta yi. Hajiya na gode, filaya da kula zan saya gobe a Agege.