Songseo da dokgyeong: wace kalma za mu ba su a Hausa?

Jama'a, ga wata kalma da ta tsaya mini a wuya. A Koriya akwai abin da suke kira songseo, wato rera tsoffin littattafan ilimi da murya mai hawa da sauka, ba kiɗa. A zamanin daular Joseon, wadda aka kafa a 1392, yara ke yin sa a makarantun ƙauye da ake kira seodang. Suna zaune gaban malami suna rangaji, suna bin wani littafi mai haruffan Sinanci 1,000: "haneul cheon, ttang ji". Kowane harafi a faɗi ma'anarsa da Koriyanci, sannan lafazinsa. A 2009 birnin Seoul ya sa songseo cikin al'adun da yake karewa.

Wani ya ce mu kira shi tilawa. Ban yarda ba. A kunnen Bahaushe tilawa ta Alƙur'ani ce, a bar ta inda take. Waƙa ma ba ta zauna ba, domin akasarin abin da ake rerawa zube ne. Hadda kuwa tana cikinsa, amma ba ta faɗi komai game da murya ba.

Ni dai na fi karkata ga "jan baƙi". A karatun zaure ɗalibi na jan baƙin Ahalari ko Ishmawi, malam na fassarawa, kuma baƙin na harshen da ba na gida ba ne, kamar yadda Sinanci yake ga yaron Koriya. Ita kanta kalmar "ja" tana ɗauke da miƙa muryar nan. Sai mu ce jan baƙin Koriya, a wuce wurin.

Dokgyeong daban ne, ibada ce. Malaman addinin Buda ke karanta littattafansu a wurin bauta, ɗayansu na buga moktak, ɗan katako mai rami a ciki, don daidaita tafiyar murya. Mutanen da suka sassaƙa nassosinsu a alluna sama da 81,000 a ƙarni na 13, waɗanda ke ajiye a wurin bautar Haeinsa na Koriya har yau, ba wasa suke da karatu ba.

Ga wannan na zaɓi "rera nassi". Wata 'yar'uwa ta ce nassi ma ƙamshin Musulunci gare shi, ta fi son "karatun bauta". Tana da hujja, sai dai nata ya yar da rerawar. Malamai, me kuka gani?