Ciyayin Gona da Ke Maganin Ƙananan Larurori

Sabon manomi: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Bana na karɓi gonar gado mai nisa da gari, kuma tun da aka shiga noman firi nakan kwana biyu ko uku a can tare da 'yan ƙwadago. Ina neman shawara a kan ciyayin da za su taimake mu idan ƙaramar larura ta taso, domin kafin a kai kantin magani sai an yi tafiyar awa guda a babur.

Dattijon zaure: Wa'alaikumus salam. Ɗana, da yawa daga abin da fartanyarka ke yankewa magani ne. Idan ƙyasbi ko makero ya kama wani, ka nemi gogamasu, ka murje ganyensa a tafin hannu har ruwan ya fito, sannan ka goga a wurin safe da yamma. Yana da raɗaɗi, don haka kaɗan ake shafawa, kuma ba a kai shi fuskar yaro. Don zawo kuwa, iyayenmu nonon kurciya suke dafawa, wato 'yar ciyawar nan mai kwanciya a ƙasa wadda ke fitar da farin ruwa idan an karya ta.

Ma'aikaciyar jinya: Baba ya yi gaskiya, sai dai abin da ke kashe mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. A zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa, a riƙa kurɓa. Idan an ga jini a bayan gida, a nufi asibiti.

Makiyayi: Mu a daji nonon tumfafiya muke ɗigawa a kan harbin kunama, ko inda ƙaya ta karye a ƙafa.

Uwargida daga Maraɗi: Malam, ka gafarce ni, ni dai ba na ba kowa shawarar tumfafiya. Ɗana ya karya reshenta yana wasa, ya murza ido da hannun, muka yi kusan mako yana gani dishi-dishi, idon ya yi jajur. Abin da na yarda da shi shi ne ɗoɗɗoya, wadda nake jefawa a garwashi da magariba saboda sauro. Kai kuma sabon manomi, tunda za ku ci kwaɗon tafasa, ka koya wa yaranka bambanta ta da rai-ɗore, domin sukan fito wuri ɗaya. Ganyen tafasa shida ne, biyu-biyu, masu zagayayyen baki, na rai-ɗore kuwa sun fi yawa, bakinsu da tsini, kuma 'ya'yansa suna da dafi ga mutum da dabba.

Ma'aikaciyar jinya: Zaƙami ma kada a kusance shi, domin yana gusar da hankali. Saran kububuwa kuwa babu ciyawar da ke warkar da shi, saboda dafinta yana hana jini daskarewa. Kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a ɗauki mutum zuwa inda ake allurar dafin maciji, kamar asibitin Kaltungo a Jihar Gombe.

Sabon manomi: Allah ya saka da alheri. Hajiya, gobe zan ɗauko hoton ganyen da ke gefen rijiyarmu ki duba mini, domin yaran sun ce tafasa ce, ni kuwa na ga bakinsa da tsini.