Lalle a gashi: jiƙaƙƙe ko busasshe?

'Yan'uwa, ga abin da na tattara daga doguwar maganar da aka yi kan ko a shafa lalle a jiƙaƙƙen gashi ko a busasshe.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. A wanke kai tas da sabulu kafin a shafa. Man kitso, man kaɗanya ko basilin suna hana lalle kama gashi.
2. Kada ruwa ya riƙa ɗiga daga gashin. Zai tsinka kwaɓin, ya gangaro wuya da goshi, launin kuma ya fito disashe.
3. A rufe kai da leda awa 2 zuwa 4, domin da zarar lalle ya bushe ya daina rini.

Inda aka rabu:

4. Masu son busasshen gashi sun ce ya fi shan launi, musamman a furfura.
5. Masu gashi mai cika da tauri sun ce busasshe wahala ne: kwaɓin ba ya shiga tushe, gashi na karyewa wajen tsagawa, lalle kuma na ƙarewa da wuri. Su tsane shi suke yi da tawul ya rage ɗan danshi. Ni ma nan na karkata, don irin gashinmu ke nan.

Gargaɗin da aka fi nanatawa, kuma ina roƙonku ku riƙe shi: a guji baƙin lallen kanti mai sinadarin rini da ake kira PPD, yana iya kumbura fata da fuska. Mai son baƙi ta bi lalle da baba, ganyen nan na rini. Launi na ƙara nuna bayan kwana 2 ko 3.