Muhawara: Ƙidayar ARN ta isa ta nuna aikin da sel ke yi?

Daga zauren WhatsApp na ɗaliban ilimin halittu da malamansu, Maradi

Ɗalibar Masta: Salamu alaikum. Malam, ga abin da nake so in kare a rubutuna: idan na ƙidaya ARN, wato saƙon da ƙwayar gado ke aikawa don a ƙera furotin, a ganyen hatsin da aka hana wa ruwa, na ga ƙwayoyin gadon da suka tashi, to na san hanyoyin sarrafa abinci da suka ƙara gudu a cikin sel, wato ƙwayar halitta. Tun 2017 aka fitar da cikakken tsarin gadon hatsi, kusan ƙwayoyin gado 38,000. Taswira tana hannu, me ya rage?

Ma'aikacin labo: Ƙanwata, ban yarda ba. Jan ƙwayar jinin mutum idan ta nuna ba ta da cibiya, ba ta rubuta sabon ARN, amma kwana 120 take yi tana ƙona sukari. Ki auna ta da ma'auninki, sai ki ce gawa ce.

Malamin noma: Ga kishiyarsa ma a rumbu. Busasshen iri cike yake da ARN da ya ajiye tun yana nuna, dubban iri-iri, alhali kusan babu abin da ke motsi cikinsa sai ruwa ya taɓa shi.

Ɗalibar Masta: Yaya, ku duka kun ɗauko na gefe. Ni ganye ɗanye nake magana.

Malamin biyoshimi: To mu zo ganye ɗanye, ƴata. ARN sautu ne, ba kayan ba ne. Daga shi sai an ƙera anzim, wato furotin mai gudanar da aikin, kuma anzim ɗin ma ba ya aiki don kawai yana nan. Dubi fosfofuruktokinaz, anzim mai tsaron ƙofar ƙona sukari: da ATP, sinadarin da sel ke ajiye ƙarfi a ciki, ya yi yawa sai ya manne masa ya rage masa gudu cikin daƙiƙoƙi, ARN bai ko motsa ba. Ga ƙarancin abin da anzim zai ci, ga ƙarin fosfat da ke kunna shi ko ya kashe shi. A 2011 wani bincike a Jamus kan sel na ɓera ya gano yawan ARN yana bayyana kusan kashi 40 cikin 100 ne kawai na bambancin yawan furotin. Furotin fa, ba a ma kai ga gudun aikin ba.

Ɗalibin lissafi: Malam, da girmamawa, an sake duba waɗannan alƙaluma a 2014, aka ce kuskuren awo ya rage su, rabon ARN ya fi haka. Kuma ba wanda ke karanta ARN tsurarsa yanzu. Ana ɗora shi ne a kan taswirar dukan hanyoyin sel, inda abin da ya shiga dole ya yi daidai da abin da ya fita. Da irin wannan dabara, mai suna E-Flux, a 2009 aka gwada ƙwayar cutar tarin fuka, ta gane bakwai cikin takwas na magungunan da aka san suna hana ta ƙera kitsen bangonta. Wannan ba sa'a ba ce.

Malamin biyoshimi: Ba sa'a ba ce. Amma ka karanta gwajin Machado da Herrgård na 2014? Sun tara irin waɗannan dabaru, suka gwada su a kan bakteriyar E. coli da yis, inda aka riga aka auna gudun na gaskiya da kabon 13, wani nau'in kabon da ake bin sawunsa cikin sel. Lissafin da bai ɗauki ARN ko ɗaya ba, wanda kawai ya ɗauka cewa sel na tsimin ƙarfinsa, sau da yawa ya yi kunnen doki da su ko ya wuce su. A halittun da aka fi sani kenan a duniya. Ina ga hatsi, wanda yawancin ƙwayoyin gadonsa da kamanni aka laƙaba musu aiki, daga shinkafa da masara?

Ɗalibin lissafi: Wannan kam ya zauna. Sai dai idan dukan hanya ta mutu, babu ARN ɗinta sam, ai wannan labari ne.

Ma'aikacin labo: A nan muna tare. Kunnawa da kashewa, e. Amma "ya ninka biyu, don haka gudu ya ninka biyu", a'a.

Ɗalibar Masta: To kabon 13 ɗin a ina zan samu a Maradi? Na'urar awonsa sai an tura waje, kuɗin kuma kun sani.

Malamin noma: Ba sai kin kai can ba. Idan kin ga ARN na P5CS ya tashi, wato anzim mai ƙera furolin, sinadarin da ganye ke tarawa lokacin fari, ki auna furolin kansa a ganyen da ninhidirin, sinadarin da ke ba shi launi. Tun 1973 ake wannan gwaji, na'urar auna launi ta isa.

Malamin biyoshimi: Ki auna, amma ki rubuta "ya taru". Taruwa na iya zama an ƙara ƙerawa, na iya zama an daina rushewa, kuma a lokacin fari duka biyun ke faruwa. Ki duba ARN na anzim mai rushe shi, ProDH, ki sa su gefe da gefe.

Ɗalibar Masta: Na ji, Malam. Zan canja "ya tabbatar" zuwa "yana nuni". Amma babin ARN ba zan cire shi ba.

Ma'aikacin labo: Ba wanda ya ce ki cire. Ki kawo ganyen cikin ƙanƙara, kuma ki tsinke su duka a lokaci guda da safe, don na hantsi da na la'asar ARN ɗinsu ba ɗaya ba ne.