An ce sunana ya ɓaci a banki saboda tsohon bashi, ya ake gyarawa?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar banki ku taimaka mani da shawara. Ina da shagon kayan masarufi a babbar kasuwar Katsina, na je neman rancen miliyan ɗaya da rabi in ƙaro kaya kafin azumi, yarinyar da ke kan tebur tana sa BVN ɗina a kwamfuta sai ta ce wai makina na bashi ya yi ƙasa sosai, takardata ba za ta wuce ba. Da na matsa ta ce bashi biyu ne ke kaina, ɗaya na manhajojin nan na waya, dubu 38 tun 2022 lokacin da maiɗakina ta kwanta asibiti, wannan na san da shi. Ɗayan na wani ƙaramin banki ne kuma wallahi na biya shi tas amma har yau yana nuna ana bina. To wani yaro a layin masu gyaran waya ya ce in kawo dubu 25 zai goge sunana daga bilaklis cikin kwana uku. Akwai gaskiya a ciki? Ko in je wani banki kawai in buɗe sabon asusu?

Abu Fatima:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka ba yaron nan ko sisi, cin kuɗinka zai yi ya kashe waya. Ni na yi aiki a sashen ba da rance, ba wani bilaklis da mutum zai shiga ya goge. Abin da ke akwai kamfanoni ne uku da CBN, wato Babban Bankin Najeriya, ta ba lasisi suna ajiye tarihin bashin mutane, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, bankuna da manhajoji su ke tura masu bayani, wane ya ci kaza, ya biya kan lokaci ko ya makara ko ya yi shiru. Daga nan ake fitar da makin, na CRC daga 300 ne zuwa 850, in kana can ƙasa ba mai kallon takardarka. Kuma wanda ya tura bayanin shi ke da ikon gyara shi, ba ɗan layin waya ba.

Sabon asusu ma wahalar banza ce tunda BVN ɗinka guda ne, duk bankin da ka shiga shi za su buga. Ga kuma GSI da CBN ta fara a watan Agusta 2020, wanda ke ba banki damar kwasar kuɗin bashinsa daga asusunka na wani bankin in ka sa hannu a takardar lokacin karɓar rance, mutane da yawa sun sa hannu ba su karanta ba.

Ka fara da neman rahoton tarihin bashinka da kanka. Dokar da aka yi a 2017 ta ba ka damar karɓar rahoto kyauta sau ɗaya a shekara, ka shiga shafukan kamfanonin nan na intanet ka nema, kuma ka duba duka ukun don ba dole ba ne wanda ke binka ya kai sunanka ko'ina. Shi wanda ka ce ka biya, ka nemo rasit ko sitetmen na watan da ka biya, ka je reshen ka nemi takardar shaidar cewa ba sa binka bashi, da hatimi da sa hannu, kar ka yarda da "ka je Alhaji za mu gyara" ta fatar baki. Ka rubuta masu koke ka ajiye kwafi, ka tura hoton takardar ga kamfanin da rahotonsa ya nuna kuskuren. In sun yi ta ja maka rai akwai sashen kare haƙƙin kwastoma a CBN. Sau da yawa ba mugunta ba ce, ragowar caji ce ta dubu ɗaya ko biyu da ba wanda ya faɗa maka, ta zauna tana nuna bashi.

Maman Khalifa:
Ni na manhajar zan yi magana don na ɗanɗana. Kar ka ɗauka dubu 38 ɗin nan za ka tarar, sun lafta mashi tara sai ka rantse ba naka ba ne. Nawa da na kira su na ce uwar kuɗin ce kawai a hannuna, in za su karɓa bismillah, suka yi ta kurari daga baya suka sauko suka yafe fiye da rabin tarar. Amma ka sa su rubuto maka adadin da kuka tsaya a imel ko tes kafin ka tura, kuma cikin manhajar za ka biya ko asusun kamfani, ba asusun wani ma'aikaci da ya kira ka ba, ƙanwata ta tura ma irin wannan dubu 20 ta bi ruwa. In kuma suka fara tura ma mutanen wayarka saƙon cin mutunci ka ɗauki hotonsa ka kai ƙara FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin kwastoma, an hana su wannan.

Malam Na Sabuwar Unguwa:
Allah ya rufa asiri. Ni dai in da hali a bar bashin ruwa, ko adashi ka shiga da abokan kasuwa, ko ka karɓi kaya wajen dila ka riƙa biya. Amma na baya a biya, haƙƙi ne.

Abu Fatima:
Gaskiya ne Malam, sai dai ko bankunan da ba ruwa irin su Jaiz da TAJ sai sun duba rahoton nan kafin su saya maka kaya, kuma adashi ba ya shiga cikinsa ko ka shekara goma kana zubi.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To yallaɓai in na biya yau makin zai dawo kafin azumi?

Abu Fatima:
Ba na jin haka Alhaji, kar in yi maka daɗin baki. Biyan zai sa a rubuta ka biya, amma cewa ka makara zai zauna a tarihin shekaru, makin kuma a hankali yake hawa. Bayan wata ɗaya ko biyu ka sake dubawa ka tabbatar sun tura gyaran. Daga nan in za ka karɓi wani abu ka karɓi ɗan ƙarami wanda ko kasuwa ta yi sanyi za ka iya biya kafin ranarsa, cinikin shago ya riƙa bi ta asusunka maimakon aljihu, kuma ka daina danna neman rance a manhaja biyar rana ɗaya don duk wanda ya bincike ka yana fitowa a rahoton. Kayan azumin bana dai ka nemi dilanka ku yi magana.