Wai duk tsohuwar fitilar Jamus Bauhaus ce?

Na Hambug: Slm jama'a. Kun ga wannan fitilar da na turo hotonta, baƙa, kanta kamar ƙoƙo, wuyanta na juyawa ta haska wuri ɗaya. A kasuwar tsoffin kaya na samo ta, mai ita ya ce Bauhaus ce ta wajen 1960, kuma ni na yarda, don duk fitilar Jamus mai irin wannan ƙirar daga can ta samo asali

Injiniya: Wslm Alhaji. Fitila ta yi kyau amma maganar mai ita ba ta zauna ba. Bauhaus makarantar zane da gine-gine ce ba kamfani ba, an buɗe ta a Weimar 1919, ta koma Dessau 1925, sannan Berlin, a 1933 aka rufe ta saboda matsin 'yan Nazi. To makarantar da ta mutu a 1933 ta yaya za ta ƙera fitila a 1960?

Na Hambug: Ai ɗalibai da malamai ba su mutu tare da ita ba ranka ya daɗe

Malamar Zane: Nan kam Alhaji yana da gaskiya, Injiniya kar ka yi saurin yanke hukunci. Christian Dell shi ne babban maƙerin sashen ƙarfe na Bauhaus daga 1922 zuwa 1925, daga baya ya koma koyarwa a Frankfurt aka kore shi a 1933, Gropius wanda ya kafa Bauhaus ya kira shi Amurka ya ƙi tafiya. Shi ya zana wa kamfanin Kaiser na garin Neheim fitilun da ake ce wa Kaiser idell, kuma kamfanin ya ci gaba da buga su shekaru bayan yaƙi, ofisoshin Jamus ta Yamma cike suke da su. To in wacce ke hannun Alhaji irin wannan ce, hannun mutumin Bauhaus na jikinta ko da a 1960 aka buga ta

Injiniya: Hajiya na yarda da tarihin Dell, amma ki lura lokacin da ya zana su ya kai shekara takwas da barin makarantar. Abin da za a kira na Bauhaus ba ja-in-ja shi ne fitilar Wagenfeld ta 1924 mai kan gilas, da waɗanda Marianne Brandt da Hin Bredendieck suka yi wa kamfanin Kandem na Leipzig a 1928, don waɗannan suna cikin makarantar suka yi su. Sauran fa sunan ne 'yan kasuwa ke liƙawa don kuɗi ya hau

Mai Wayarin: Alhaji kife ta ka duba ƙasanta da bayan ƙoƙon, me aka rubuta?

Na Hambug: Ba sunan kamfani, sai wata 'yar takarda da ta kusa goge, Made in W. Germany

Mai Wayarin: To ka ga shekarunta sun fito, bayan 1949 ne da aka raba ƙasar. Kuma ta Kaiser ta asali galibi za ka ga sunan a buge jikin ƙarfen, a saman inda ƙwai ke shiga. In babu, wataƙila ɗaya daga ƙananan masana'antun yankin ne, Neheim ai garin fitila ake ce mata don yawan masu ƙera ta a can

Malamar Zane: Kuma wannan ba aibi ba ne fa. Ni abin da ke damuna da wannan kalma ta Bauhaus shi ne tana danne sunan mutanen da suka yi aikin. Fitila mai hannu da ake lanƙwasawa a kai haske inda ake so, wani injiniya ne Curt Fischer a ƙaramin garin Auma ya yi mata rajista a 1919, ita ake ce wa Midgard, saboda a masana'anta fitila na rataye a sama ne, ma'aikaci in ya sunkuya inuwar kansa ta rufe abin da yake yi. Su kansu 'yan Bauhaus tasa suka saya suka saka a gininsu na Dessau. To wa ya koya wa wa?

Injiniya: Madalla, abin da nake ta faɗa ke nan tun ɗazu. Kuma masu haska wuri ɗaya da ake jerawa a kan dogon ƙarfe a silin na shaguna da gidajen tarihi, wannan labarin kamfanin ERCO ne na garin Lüdenscheid, an kafa shi 1934 amma sai ƙarshen shekarun 1960 suka juya gaba ɗaya zuwa wannan fanni. Ba ruwansa da Weimar

Na Hambug: To na ji, ko ba Bauhaus ba ce ta Jamus ce dai, kuma wlh mutanen nan ba su san ha'inci a aiki ba, shekara sittin makunninta na ƙara kamar sabo, ɗauke ta ka ji nauyin gindin

Injiniya: Ƙarfen kam ba magana. Amma ba su san ha'inci ba? A 1924 a Geneva Osram na Jamus da Philips da wasu manyan kamfanoni suka haɗa baki, ƙungiyar Phoebus, suka ce kar ƙwan lantarki ya wuce awa 1000, wanda nasa ya wuce a ci shi tara

Mai Wayarin: Oga a nan zan ɗan ja da kai. Haɗin bakin ya faru kam, amma a ƙwai mai zare in kana son ya daɗe dole zaren ya rage zafi, in ya rage zafi haske ya ragu a kan wutar da yake sha, don haka awa 1000 ba zalunci ne zalla ba, akwai lissafi a ciki

Injiniya: In lissafi ne kawai me ya kawo tara? Ai da sai a bar mai saye ya zaɓa

Mai Wayarin: Wannan kam ban musa ba. Alhaji ni dai abin da ya fi min muhimmanci, kar ka jona ta kafin a buɗe ta. Wayar zamanin in ta tsufa robarta na farfashewa a cikin wuyan nan da ke juyawa inda ido ba ya gani, jikinta kuma ƙarfe ne, da yawansu ba wayar ƙasa, yaro ya taɓa sai dai Allah ya kiyaye. In za ka kawo gida wutarmu ɗaya da tasu, volt 230, kan filogi kawai za a canja zuwa mai baki uku, in Yamai ce ma ba sai an canja ba. Ƙwai mai murɗi take ci ba mai fin ba, sa mata LED don kar ƙoƙon ya yi zafi

Malamar Zane: Amma don Allah in an canja wayar a ajiye tsohon makunnin da filogin a leda, masu tara irin kayan nan suna tambaya, kuma kar a yi mata sabon fenti

Na Hambug: Fentin ya ɗan kankare a baki fa Hajiya

Malamar Zane: Bar shi haka Alhaji, goge ta da tsumma kawai. Ka sake ɗauko mana hoton mahaɗin wuyan daga kusa, ta nan ake gane masana'antar wani lokaci

Na Hambug: In na koma gida da yamma in sha Allah