Don Allah wa ya san adabin Filifins, aikin makaranta ya tsaya min

Ɗalibar Gusau:
Salam 'yan uwa. Malaminmu ya ba ni aiki kan gajerun labaran Filifins waɗanda mai labari ke cewa "ni", wai in duba tsarinsu ta fuskar harshe da zamantakewa. Na karanta na Manuel Arguilla, wanda Leon ya kawo amaryarsa gida, har sau uku wallahi ban ga abin rubutawa ba, yaro ne kawai ya tarbo yayansa da keken shanu shikenan. Ta ina zan kama?

Malam na Birnin Kebbi:
Ƙanwata fara da tsarin Labov, wani masanin harshe, na 1972, ya raba labarin da mutum ke bayarwa kan kansa gida shida: share fage, gabatar da wuri da mutane, ƙullin rikici, auna lamarin, warwara, sai rufewa. Kin san shi tun kina ƙarama ai, "ga ta nan ga ta nanku" share fage ne, "ƙurunƙus" rufewa. Inda aikinki yake shi ne wurin aunawa, don Baldo mai ba da labarin, ƙanen Leon, yaro ne ba ya da bakin yanke hukunci kan manya, sai dai ya ce ya ga kaza ya ji kaza, ke mai karatu ki gane da kanki cewa babansu gwada amarya yake da ya sa aka bi da ita ta gonaki da dare aka bar babbar hanya.

Ɗan Argungu:
Malam ya faɗi gaskiya amma ni abin da ya fi burge ni sunaye ne. Labarin da turanci aka rubuta shi amma yaron Manong yake ce ma yayansa, ita kuma Manang, kalmomin Ilokano ne, yaren yankinsu, kamar dai yadda ƙanena ba zai taɓa kiran sunana gatsau ba sai Yaya. Ita 'yar birni Noel take ce ma mijin, wato Leon a juye, kin ga suna ɗaya ya raba ƙauye da Manila ba tare da kowa ya buɗe baki ya ce haka ba. Kuma ki tuna Amurka ce ke riƙe da ƙasar lokacin, 1898 zuwa 1946, turancin ma daga makarantunsu ya shigo.

Ɗalibar Gusau:
Kai na gode, Noel ɗin nan na wuce shi ban ko lura ba. To waɗanda aka rubuta da yaren Tagalog na can ƙasar fa?

Ɗan Argungu:
Can ma akwai nama. Suna da "mu" iri biyu, "kami" ban da wanda ake ma magana, "tayo" har da shi, to duk inda mai labari ya sauya daga wannan zuwa wancan ki ja layi. Akwai kuma kalmar "po" da ake liƙawa in ana magana da babba. Amma fa in fassarar turanci ce a hannunki duk wannan ya zube, ki tambayi malaminku tukun ko zai karɓi fassara kafin ki ƙona data.